Darasi na Bakwai: Kyanwa a Cikin Gida

Gidaje da yawa a Garwa da Marwa suna da kyanwa, amma mutum kaɗan ne zai iya gaya maka inda tasa take kwana. Da rana tana miƙe a inuwar rumbu, magariba na yi ta haura katanga, sai asuba a sake ganinta. Wannan yawon dare ne ya kamata mu hana ta, domin lafiyarta da ta 'ya'yanmu.

Babban abin tsoro shi ne ciwon haukan kare, wanda yake kama kyanwa kamar yadda yake kama kare da ɗan Adam. Mahaukacin kare zai iya cizonta a bola, ta dawo gida kamar lafiyarta ƙalau, ta yi makonni tana wasa da yara kafin ciwon ya fito. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kashe mutane kusan 59,000 a shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, kuma yara suna da yawa a cikinsu. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Shi ya sa a 2012 da 2013 aka bi unguwannin Injamena, babban birnin Chadi, ana yi wa karnuka allurar rigakafi. Ita ma kyanwa tana da tata allurar a wurin likitan dabbobi, a kai ta.

Idan kyanwa ko kare ya ciji yaro, ko ya yakushe shi, kada a tsaya shafa toka ko man shanu. A wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ana zuba ruwan yana gudu, sannan a tafi asibiti a ranar, ko da raunin bai fi tsagar reza ba. A Garwa akwai reshen Cibiyar Pasteur, mai gwaji da binciken cututtuka irin wannan.

Sauran haɗarin waje duk mun san su: babura, kububuwa a lokacin damina, da yaran unguwa masu jifa. Akwai kuma maganin ɓera. Maƙwabcinka ya zuba a sitonsa, ɓera ya ci ya fito yana tangaɗi, kyanwarka ta samu nama a sauƙaƙe, kwana biyu ka tarar da ita a bayan ɗaki ba ta motsi. Ko ta tsira daga waɗannan, takan kwaso ƙuma da kaska da makero, ta zo ta kwanta a tabarmar da jariri yake rarrafe.

To amma fa wanda ya tsare kyanwa ya ɗauki amana. Mun sha jin hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nemi nata ba. Don haka tuwo da miya kaɗai ba su isa ba, domin kyanwa mai cin nama ce. Ɗan kifin Binuwai da aka dafa aka cire ƙaya, ko guntun nama, ko dafaffen ƙwai, su ne abincinta. Albasa da tafarnuwa suna yi mata illa. Ruwan sha kuwa kada ya yanke, musamman a Maris da Afrilu da zafi yake wuce digiri 40, kuma kada a rufe ta a ɗakin kwano da tsakar rana. Ta sha iska a tsakar gida inda ido yake kanta, magariba ta yi a shigar da ita ɗaki ko sito, can ma ɓerayen suke.

Sai wurin bayan gida. A samo tsohon daro mai faɗi, a zuba yashi ya kai tsawon yatsa, a ajiye a lungu nesa da murhu da randa. Za ka ga ta tona, ta yi, ta rufe da kanta, ba sai an koya mata ba. A kwashe kashin kullum, a wanke hannu da sabulu. Mace mai ciki kada ta taɓa wannan aikin, domin akwai wata ƙwayar cuta a kashin kyanwa mai iya cutar da ɗan da ke ciki. Maigida ko babban yaro ya karɓe ta.

Idan kyanwa ba ta da lafiya, ina roƙonku kada ku ba ta farasitamol, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Haka ma maganin kaskar shanu ko na kare, kada a shafa mata sai likitan dabbobi ya ce.

Aikin gida: rubuta abubuwa biyu da za ka yi nan take idan kyanwa ta ciji ɗanka, sannan ka tambayo inda ofishin likitan dabbobi mafi kusa da unguwarku yake, ka zo mana da amsa a darasi na gaba.