Yadda za ka gyara zaman ofis ba tare da ka zama mai wa'azi ba

Duk wanda ya taɓa riƙe mutane ko da uku ne, ofis ne ko shagon POS ko wajen ɗinki a Tudun Wada nan Gombe, ya san faɗa ba ya gyara kowa, yau ka zazzaga masifa gobe a koma gidan jiya. Masu nazarin halayyar ɗan Adam cewa suke ka ƙyale halin mutum ka taɓa tsarin da yake aiki a ciki, kuma kan irin wannan tunanin ne aka ba Richard Thaler, wani masanin tattalin arziki ɗan Amurka, kyautar Nobel a 2017.

Fara da maganar nan ta "to oga zan yi". Kar ka karɓe ta haka tsirara. Peter Gollwitzer, wani masani ɗan Jamus, ya nuna cewa wanda ya yanke yaushe da kuma ina zai yi abu ya fi cikawa a kan wanda ya tsaya ga niyya kawai. Mu kuma Allah ya hutar da mu, sallah ta riga ta yanka mana rana, sai ka ce Malam, da mun fito azahar ka zauna kan fayil ɗin nan, kafin la'asar ka turo min ta WhatsApp in sha Allah. Shi ke nan.

Sai batun latti. Don Allah daina rubutawa a guruf wai kowa latti yake yi a ofishin nan, ai tallar latti kake yi ba ka sani ba. Robert Cialdini, wani masanin halayyar ɗan Adam, ya gwada wannan a wani gandun daji a Arizona ta Amurka, allon da ke cewa baƙi da yawa suna satar itacen da ya zama dutse sai ya ƙara satar, don mutum in ya ji kowa na yi sai ya ga to ni wa ye. Ka riƙa ambaton waɗanda suka iso ƙarfe 8, mai latti kuma ka ja shi gefe ku biyu, wataƙila ma daga Kumo yake tasowa kullum ba lalaci ba ne.

Wanda ya fi wuya a wajenmu shi ne mitin. An tashe mu da kunya da girmama na gaba, abu mai kyau, amma shi ya sa da yallaɓai ya buɗe baki sai "haka ne ranka ya daɗe" ta ko'ina, alhali yarinyar da ke kan kwamfuta ta ga lissafin bai hau ba tun jiya. Amy Edmondson ta jami'ar Harvard ta yi nazarin ma'aikatan asibiti a shekarun 1990, ta tarar rukunin da suka fi zaman lafiya da shugabansu su suka fi kai rahoton kuskure, don ba sa tsoron faɗa. Saboda haka in kai ne babba ka yi magana a ƙarshe, ka fara da ƙarami kuma ka kira sunansa, kar ka ce "akwai mai magana?" don babu wanda zai ɗaga hannu. Ka tambaye shi ina yake ganin aikin nan zai iya kwaɓewa. In kunya ta hana, raba ƴan takardu kowa ya rubuta ba suna.

Ranar da wani ya kawo maka kuskurensa da kansa kuwa, kula da fuskarka, sauran duk kai suke kallo. Ka ce madalla da ka faɗa da wuri, ku gyara tare, maganar laifin wa ne a bar ta sai kun keɓe.