Kafin ka sa hannu a takardar haya, tambayi yadda sanyin garin yake

Kusan duk Basakkwacen da zai fita waje yana tafiya da alfahari guda: wai wanda ya sha zafin Afrilu a Sakkwato, babu yanayin da zai razana shi. Ƙannena, ku ajiye wannan magana a filin jirgin Sultan Abubakar III kafin ku hau. Mu 'yan bakin hamada ne. Daminarmu gajeriya ce, daga Yuni zuwa Satumba, sai hunturu mai hazo da tsage leɓe, sai bazarar da ma'auni ke haura digiri 40. Zafinmu busasshe ne, sanyinmu ma busasshe, kuma rana ba ta taɓa yi mana rowa ba. Duniya kuwa ba haka take ko'ina ba.

Rabon yanayi da masana suka fi aiki da shi na Wladimir Köppen ne, Bajamushe haifaffen Rasha, wanda ya fara fitar da shi a 1884. An kasa duniya gida biyar: ƙasashen zafi da ruwan sama, busassun ƙasashe irin tamu, masu matsakaicin yanayi, masu tsananin sanyi na tsakiyar nahiya, sai na ƙanƙara a ƙuryar arewa da ƙuryar kudu. Ba sai ka haddace ba. Abu uku za ka duba a taswira da zarar takardar makaranta ko ta aiki ta fito: nisan garin daga tsakiyar duniya (layin da ya raba ta arewa da kudu), kusancinsa da teku, da ko a kan tudu yake.

Masu zuwa Masar ko Madina ba ni da dogon zance da ku, gida kuka koma, sai dai daren Janairu yana cizo. Masu zuwa Malesiya, Kuala Lumpur na dab da tsakiyar duniya, ruwa ake yi kusan duk shekara, zufa ba ta bushewa, takalmin fatar da ka ajiye a kabad zai yi funfuna. A Jidda da Dubai zafi ne haɗe da laimar teku, ya fi namu galabaitar da mutum. Kar kuma a raina zafin Makka: a Hajjin 2024 sama da mutum 1,300 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Saifurus da gaɓar Turkiyya daminarsu a lokacin sanyi take. Tudu kuwa, duk mita 1,000 da ka hau zafi na raguwa da kimanin digiri 6 da rabi, shi ya sa Jos ta fi mu sanyi, shi ya sa Adis Ababa ke sa mutum neman bargo alhali a Afirka take. Mai zuwa Ostireliya ko Afirka ta Kudu ya juya kalandarsa, Yuli ne sanyinsu.

Inda nake son mu zauna shi ne arewa mai nisa, don nan ne yaranmu ke shan wuya duk shekara, kuma wuya iri ɗaya. Landan da Winnipeg ta Kanada kusan layi ɗaya suke a taswira, amma a Janairu matsakaicin ma'aunin Landan yana wajen digiri 5, na Winnipeg kuwa yana wajen 16 ƙasa da sifili, wata rana ya zarce 30 ƙasa da sifili. Dalili shi ne teku. Akwai ruwan ɗumi da ke gudana cikin Atalantika daga wajen Meziko zuwa yammacin Turai, iska ta ɗebo ɗuminsa ta watsa wa Ingila. Winnipeg tana tsakiyar ƙasa, babu mai ɗumama ta. To amma iskar da ta kawo ɗumin ita ke kawo danshi, kuma danshin nan shi ne abokin gabar ɗan haya.

Yawancinku kuna sauka a Satumba, ko ku kama ɗaki tun kuna gida ta hoton da aka ɗauka a Yuli, rana na haska bango. Kowane gida kyakkyawa ne a Yuli. Wanda na fara zama a arewacin Ingila sabon fenti ne da shi har yana ƙamshi. Nuwamba na kamawa sai baƙin tabo ya fara fitowa daga kusurwar taga, ya bi bayan gado, ya shiga akwatin da manyan rigunana suke. Na kira mai gidan, ya ce girkinmu ne ke jawo shi, wai mun cika tafasa abu. Da na tashi fita kuma ya nemi ya cire kuɗin fenti daga kuɗin ajiyata. Fentin da ya shafa don ya rufe ɓarnar da ke nan tun kafin in zo! Har yau in na ga hoton ɗaki fari tas a tallan haya sai gabana ya faɗi.

Kar wani ya ce ai tabo ne kawai. A Disambar 2020 wani yaro ɗan shekara 2 ya rasu a garin Rochdale na Ingila, bincike kuma ya tabbatar funfunar gidansu ce ta lalata masa numfashi. Saboda haka in ka shiga duba gida, ja gado ka leƙa bayansa, taɓa bangon da ke fuskantar waje, duba ko gilashin taga ruɓi biyu ne, ka shinshina cikin kabad. Tambayi da me ake ɗumama gidan, gas ko lantarki, kuma wa ke biya. Ɗaki mai araha da hitar lantarki yakan fi mai tsada cin kuɗi kafin Maris. A Ingila kowane gidan haya yana da takardar da ke nuna yadda yake riƙe ɗumi, daga A zuwa G, kuma ƙa'ida ita ce kar a ba da hayar wanda ya gaza E. Nemi ka gan ta, tare da takardar duba gas ta shekara-shekara. Kuɗin ajiya a yawancin haya bai wuce na mako 5 ba, kuma dole a sa shi a asusun da hukuma ta amince da shi. Ɗauki hoton kowane lungu ranar da ka karɓi makulli. Duk maganar da za ka yi da mai gida, yi ta a rubuce. Kunyar da aka koya mana a gaban manya tana da kyau a zaure, amma mai gidan haya ba baffanka ba ne.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne dabarar tsimi. Yaro ya ga kuɗin wuta, sai ya kashe hita, ya toshe kowace kafa, ya shanya wanki a ɗaka, ya ƙudundune. Danshin numfashinsa da na wankin ba su da hanyar fita, sai su kwanta a bango. Buɗe taga na ɗan lokaci kullum, ko da sanyi. Wanda kuma ya tuna kaskon garwashin da Inna ke sa wa a ɗaki da hunturu, ya manta da shi. Gidajen can a rufe suke ruf, gawayi na fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, mutum ya kwanta barci ya zarce. Ko turaren wuta ma, ƙannena mata, ku yi hattara, kuma kar a cire batirin na'urar hayaƙi don ta dame ku da ƙara.

Sai duhu. A Sakkwato bambancin dare da yini tsakanin damina da hunturu bai taka kara ya karya ba. A Landan kuwa, saboda karkatar duniya da digiri 23 da rabi, yinin Disamba bai cika awa 8 ba, kafin ƙarfe 4 an yi magariba. Azahar, la'asar da magariba duk sukan same ka a aji ko wurin aiki, sai ka shirya inda za ka yi su. A Yuni kuma yini ya haura awa 16. Rashin rana na sa kasala da ƙuncin da ba ka san mafarinsa ba, kuma hukumar lafiyar Ingila na shawartar masu baƙar fata su riƙa shan bitamin D duk shekara. In ƙuncin ya yi nauyi, ga likita, ga kuma 'yan'uwa.

'Yan'uwan nan kuwa ina alfahari da su. Su ke tarbar baƙo a tasha, su ara masa jaket, su kai shi shagon gwanjo, su cika shi da masa ranar Sallah. Sai dai sun gaji da wanda ba ya neman kowa sai bayan ya sa hannu a haya ta wata 12. Tura musu hoton gida da takardun tun kana Mabera ko Arkilla, wani zai je ya duba maka bayan gadon.

Kar ka cika akwati da suwaitar Tsohuwar Kasuwa, ta hunturunmu ce, ba ta tare ruwa ba ta tare iska. Jaket da takalmi a can za ka saya. Daga gida ɗauko man kaɗanya mai yawa, da dogon wando na ciki da za ka sa ƙarƙashin kaftani ranar Juma'a.