Yadda Nake Gano Abin da Ya Rina Ruwan Silikat

Ruwan sodiyam silikat, wato sinadarin da akan samu idan an narkar da yashi da soda, mai tsabtarsa garau yake. Idan nawa ya sauya, nakan zuba kaɗan a kwalba in ɗaga wa haske.

Kore-kore ko ruwan ɗorawa? Sinadarin ƙarfe ne, daga yashin da aka narkar wajen haɗa shi ko tsatsar gangar da aka ajiye shi a ciki. Gangar nake fara leƙawa, don ta sha ba ni kunya. Idan launinsa ruwan ƙasa ne, kuma da tokar ɓuntun shinkafa aka haɗa shi maimakon yashi, ragowar da ba ta ƙone ba ce. Gawayin tacewa yana rage ta.

Fari-fari kuwa gurɓata ce kawai: iska ta shiga, silika, wato sinadarin yashin da ke narke a ciki, ta fara fita. Bar shi ya kwanta, ka tace, ka toshe a jarkar roba. Ban da alminiyam, cin sa yake.