Yadda ake zuwa Grand-Popo daga Maraɗi

Masu ta tambayata hanyar bakin teku, ga ta. Grand-Popo na ƙasar Benin, yamma da Kwatano, dab da iyakar Togo.

1. Tambayi direbobin tasha halin da iyakar Gaya da Malanbil take ciki. Tun 2023 ƙetarewa ta yi wuya, kada ka yanki tikiti kafin ka ji.
2. Nemi katin rigakafin ciwon shawara, ka haɗa shi da takardunka.
3. Riƙe sefarka, ita ake kashewa can. Ka nemi canji ƙanana.
4. Hau mota zuwa Doso, sannan Gaya.
5. Daga Malanbil bi ta Paraku har Kwatano.
6. Shiga taksin da ke bin hanyar Lome, ka sauka Grand-Popo.
7. Kama ɗaki mai gidan sauro.
8. Hattara a nan! Kada ka shiga teku wanka. Igiyar ruwan wurin tana jan mutum ciki, iyon gulbi ba ya ceto. Jiƙa ƙafa kawai, yara kuma a hannunka.
9. Yi cinikin kwalekwale kafin ka hau, a kai ka inda kogin Mono yake haɗuwa da teku.
10. Nemi izini kafin ka ɗauki masunta hoto.