Idan Kifi Ɗaya Ya Hana Sauran Sakat a Akwatin Gilashi

Akwatina tsawonsa santimita 90 ne, yana cin ruwa kusan lita 140. Wata huɗu kifayen ciki suna zaune lumui, har wata safiya na sunkuya zan zuba abinci na tarar da ƙananan kifayen da ake kira gufi su biyar sun cure a kusurwar sama, bayan bututun filta mai tace ruwa, ɗaya wutsiyarsa ta yage kamar tsohuwar tuta. Ƙasa kuwa fayau, sai wasu kifaye biyu da ake kira kiribensis, mace da namiji, suna sintiri a bakin wani fasasshen kasko da na kifa musu. Cikin macen ya yi ja jawur. Na haska tocila cikin kaskon, sai ga ƙwai manne a rufinsa.

Kiribensis ɗan ƙasarmu ne, daga rafukan kudancin Najeriya da Kamaru yake, kuma danginsu ɗaya da karfasa. Yawancin wannan zuriya, da ake kira siklid, haka take: in ta zaɓi wuri, ta zaɓa. A rafi, wanda aka kora sai ya ƙara gaba, magana ta mutu. A akwati gilashi ne ke tare shi, ya juyo, a sake korarsa, daga safe har dare. Don haka ni na daina cewa kifi mugu ne. Wurin nake fara dubawa.

Kafin ka taɓa komai, jawo kujera ka zauna nesa kaɗan na minti 15, ba lokacin cin abinci ba. Kada ka matsa kusa, don da sun ga inuwarka za su bar abin da suke yi su taso neman abinci. Duba wa ke kora, wa ake kora, kuma a ina korar ke tsayawa. In mai korar yana komawa wuri guda duk lokacin da ya gama, dutse ko kogo ko gindin tsiro, rigimar fili ce. In ko yana bin ɗaya tak duk inda ya shiga, galibi maza biyu ne iri ɗaya, ko namiji ya matsa wa mace. 'Yar tsere ta daƙiƙa biyu ba komai ba ce, zo mu zauna zo mu saɓa. Abin tashin hankali shi ne yagaggen fiffike, kifin da launinsa ya kwashe, da wanda ya daina fitowa cin abinci.

Maganin da ya fi yi mini aiki shi ne toshe gani. Kifi abin da idonsa ya hango yake karewa. A da akwatina fili ne tatas, duwatsu duk a jere a baya don kyau, kiribensis daga bakin kaskonsa yana ganin ƙarshen gilashi, ya ɗauka duk nasa ne. Sai na sa dogon itacen ruwa a tsakiya, na dasa tsirrai masu tsawo a gefensa, akwatin ya rabu kamar ɗaki da falo. Kaskon na matsar da shi can ƙarshen hagu, bakinsa na kallon bango. Kwana biyu gufi suka sauko. Ka ƙara maɓoya ta fi yawan masu neman ta: ƙoƙon kwakwa da aka kankare aka dafa, guntun bututun roba, tukunyar ƙasa marar fenti. Kogo ɗaya ga kifi biyu, ka haɗa dambe da hannunka.

In babu ƙwai a ciki, akwai wata dabara mai sauƙi. Kwashe mai faɗan ka sa a bokiti da ruwan akwatin, ka birkita tsarin duwatsu da itace gaba ɗaya, ka kashe fitila, bayan awa ɗaya ka mayar da shi. Zai dawo baƙo, iyakokin da ya sani sun ɓace. Haka ma in za ka kawo sabon kifi: canza tsari, saka shi da dare, kuma mafi zafin rai shi ne na ƙarshen shiga.

Lissafin yawa ma yana da nasa. Taiga bab, wasu ƙananan kifaye masu ratsin baƙi, in suka yi ƙaranci sai su koma cizon fikafikan maƙwabta. Ka ajiye shida ko fiye, su shagala da junansu, kuma duk da haka kada ka haɗa su da kifayen enjel ko beta masu dogon fiffike. Gufi da ɗan'uwansa moli, namiji ɗaya mata biyu ko uku. Beta maza biyu ba sa zama akwati ɗaya, ko mai sayarwa ya rantse maka. Renbo shak, wani kifi mai jajayen fikafikai, ɗaya ya isa. Siklid ɗin tafkin Malawi kuwa a ba su nasu akwatin, kyansu ya sha yaudarar mutane. Wajen sayen akwati, tsawo da faɗi sun fi zurfi amfani, don ƙasa ake rabawa.

Abinci ka zuba a ƙarshe biyu lokaci guda, mai ƙarfi ba zai tsare duka ba. Ka lura da zafi: yawancin waɗannan kifaye digiri 24 zuwa 27 suke so, kuma ni a watan Afrilu, da ruwa ya haura 30, na fi ganin rigima. Buɗe murfi, ka juya fanka saman ruwan.

Wanda aka ji wa rauni, raba shi da farantin roba mai huji-huji ko ka ba shi ƙaramin akwati. Canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan sau biyu a mako. Fiffike yana tofowa da kansa in ruwa na da tsabta. In ka ga fari-fari kamar auduga a bakin raunin, ya kamu da cuta, sai magani.

Wani kifin kuma ba ya gyaruwa. Na yi fama da wani renbo shak wata biyu, na birkita akwatin sau uku, kullum jiya i yau. Na mayar wa mai shagon, ya musanya mini da tsirrai. Kada dai ka zuba irin wannan kifin a rafi ko kwata.