Kurakuran da aka fi yi wajen nazarin ɗabi'ar masu larurar ƙwayoyin halitta

Babban kuskure shi ne ɗora komai a kan larurar. Yaro mai larurar Cornelia de Lange ya fara cizon hannunsa ko buga kai a bango, sai a ce ai haka masu ita suke, a rufe magana. Alhali ƙwannafi mai tsanani ya zama ruwan dare a wurinsu, kuma an gano yana da alaƙa da wannan halin na cutar da kai. Wanda bakinsa bai iya cewa "nan ke min ciwo" ba, da jikinsa yake faɗa. Saboda haka a fara da duba haƙori, kunne, taurin bayan gida da barci. Mai larurar Down da ya yi sanyi, ya daina shiga mutane, a auna jinsa da aikin tayrod ɗinsa (ƙullin da ke wuya mai daidaita kuzarin jiki) tukuna. A larurar Smith-Magenis kuwa, sinadarin melatonin, mai jawo barci, da rana yake hawa maimakon dare, to fushin rana na iya zama na wanda bai runtsa ba.

Masu bincike kan kuma zuba larurori daban-daban a rukuni guda don adadi ya cika. Mai Prader-Willi yana fama da yunwar da ba ta ƙoshi, da fushi idan an sauya masa tsari ba sanarwa. Mai Fragile X yana kauce wa haɗa ido, mai Williams kuwa baƙo ma sake jiki yake da shi. In aka haɗa makinsu aka raba, lissafin ba ya siffanta ko ɗaya.

Sai yadda ake rubuta abin da aka gani. "Ya tayar da hankali" ba ya ƙirguwa. A rubuta "ya mari kansa sau 6 cikin minti 10", da abin da ya faru gab da hakan, da abin da manya suka yi bayansa, nan take, kafin mantuwa ta shiga. A yi haka kamar mako 2, a gida da makaranta. Sau da yawa takardar ce ke tona cewa duk sanda ya yi ihu ana janye masa aikin da ba ya so. Nan gyaran shi ne a koya masa neman hutu da kati ko alamar hannu.

Kada a sauya magani da tsarin kulawa a mako guda. In abu ya yi sauƙi, ba za a san wanne ya yi aiki ba.