Ku kashe ƙwan ɗaki kafin ku ɗauki hoton kaya

Jama'a, idan kuna koyon ɗaukar hoton kayan da aka jera a kan tebur, kada ku yi gaggawar sayen fitilu masu tsada. Ku kashe ƙwan ɗaki da filashin waya, ku ajiye kayan kusa da taga yadda haske zai zo musu daga gefe guda.

Na gwada wannan da ƙwarya mai zane da lemo uku a cikinta. Da filashi, zanen ya ɓace, lemon kuma sai ƙyalli. Da hasken taga kuwa, kowane layin zanen ya sami 'yar inuwarsa, har ƙananan ramukan ɓawon lemon suka fito. Inuwa ce take nuna wa ido tudu da kwari, shi kuma hasken da ya zo daga gaba yana jefa ta bayan kayan ne. Kashe ƙwan ma yana da dalili, domin idan launin haskensa ya gauraya da na rana, kyamara takan rikita launin kayan.

Idan ɗaya gefen ya yi duhu, ku tsayar da farin kwali a wajen, ku riƙa matso da shi har inuwar ta yi laushi.

Dabarar ba ta aiki idan rana tana shigowa kai tsaye, sai dai ku rataya farin mayafi mara kauri a tagar. Haka kuma kwalbar turare da tiren silba sukan nuna tagar, har da mai ɗaukar hoton, don haka sai kun ɗan juya su ko kun canza inda kuka tsaya.